Takalmin da Ban Cire Ba a Turu

Motarmu ta lalace ana dab da magariba a Turu, wani gari da ke bayan Faraku kaɗan, a kan hanyar Jugu cikin Jamhuriyar Benin. Sauranmu sama da kilomita 100, ga kaya, ga hadari ya haɗo. Direba ya ce sai gobe. Abokin tafiyata wani dattijo ne mai sayar da goro a Zangon Faraku, kakanninsa fatake ne daga ƙasar Kano. Shi ya ce mu je mu roƙi mai unguwa inda za mu kwana da kayanmu.

Da yake ni ne mai ɗan Faransanci, sai na wuce gaba. Na tarar da tsohon a kujera, na nufe shi da takalmina, na miƙa masa hannu ina tsaye, ina kallon ƙwayar idonsa kamar yadda aka koya mana a wurin aiki. Ya ba ni bakin yatsunsa, ya kau da kai. Na yi bayani har na gama, ko tari bai yi ba.

Sai Baba mai goro ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya matso ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Suka yi ta gaisuwa da Dendanci, wannan ya faɗa wancan ya amsa, har na ƙosa. Sannan ya zaro farin goro biyu ya miƙa da hannu biyu. Bai kai ga faɗin buƙatarmu ba aka shimfiɗo tabarma. Da dare na tambaye shi me ya gaya wa mutumin. Ya ce, “Ɗan nan, ban ce komai ba. Kai ne ka yi magana da yawa tun kafin ka buɗe baki.”

Wannan hanya da muka kwana a bakinta tsohuwa ce. Tun ƙarni na 18 ayarin Hausawa ke tashi daga Kano da Katsina, su haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Faraku da Jugu, har su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka. A tafiyar watanni, bafatake zai ji Bargancin Bargu, da Dendancin unguwannin ’yan kasuwa, da Dagombanci da Gwanjanci. Ba kowa ke iya su ba. Amma kowa yana da gwiwa da ido da hannu.

Fuska ce ma takardar shaida ta farko. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa jama’a uku ne suka fi riƙe wannan sana’a: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. A zamanin da zanen fuska yake faɗin asalin mutum, mai masauki a Jugu kan iya sanin ɗan wane gida ne ya sauka, da irin bashin da za a iya ba shi, kafin ya gama kwance jakinsa.

Sai dai babban gwajin yana fada. Bargu ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, kuma ’ya’yan sarautarta, waɗanda ake kira Wasangari, sun yi suna wajen tare ayari. Madugu ba ya wucewa sai ya je gaisuwa, ya biya kuɗin hanya, ya ba da kyauta. Idan sarki ya karɓa fuska a sake, ayari ya kwana lafiya. Idan aka bar kyautar a ƙasa ba a taɓa ba, madugu mai hankali ba sai an yi masa tafinta ba.

A nan ne na ga abin da ya fi ba ni sha’awa. Gaishe da sarki ta hanyar zuba ƙasa a ka tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. Ibn Battuta ya gan shi a fadar Mali a 1352, mu kuma muna kiransa afi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shi cikin al’adun sarakunan Hausa da ya soka a littafinsa Kitab al-Farq. To, bayan jihadin 1804, a ce ga madugu Musulmi da ya taso a kan wannan karatu, ga shi a gaban sarkin Bargu, ga rayukan mutum ɗari-ɗari a wuyansa. Ina zai tsayar da jikinsa? In ya miƙe ƙyam, ya zagi mai ƙasa. In ya kai goshi ƙasa, ya taɓa addininsa. A fahimtata, irin gaisuwar da Baba ya yi a Turu amsar wannan tambaya ce da aka gada: a cire takalmi, a tsuguna, a sunkuyar da ido, amma goshi na Allah ne shi kaɗai.

Hanyar ta mutu a hankali. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar. A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki, kuma yarjejeniyar 1898 ta raba Bargu biyu tsakanin Ingila da Faransa. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Zangunan Faraku da Jugu dai suka zauna da mutanensu, da gaisuwarsu.

Mu kuma a gida muhawarar ba ta ƙare ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, durƙuso ya sake zama abin gardama a zaure da masallaci, har a cikin gida ɗaya a sami ɗa yana gaishe da mahaifinsa a tsaye, mahaifin yana ganin raini ne, ɗan yana ganin sunna ce. Ofis kuma ya zo da nasa darasin, wai wanda bai kalle ka ido cikin ido ba yana ɓoye wani abu. Ni ɗan waɗannan makarantu biyu ne. Abin da na kai wa tsohon Turu ke nan, ina zaton ladabi na kai masa. Shi kuwa ya ga yaro da takalmi a kansa yana zare masa ido.

Ba ina cewa kowa ya koma durƙuso ba. Wanda ya bar shi don addini yana da hujjarsa, kuma ina girmama ta. Abin da na rasa a daren nan shi ne abin da madugai suka iya: su fara duban yadda mutanen wuri ke riƙe jikinsu, sannan su nemi iyakar da za su iya zuwa ba tare da sun sayar da abin da suka yi imani da shi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma kowace ƙasa da yadda take karanta fuskar.

Da asuba mota ta tashi. Kafin mu hau na koma wurin mai unguwa. Na bar takalmina a bakin zaure, na rage tsawo, na ce na gode da Hausa. Ban sani ba ko ya ji kalmar. Ya dai riƙe hannuna da nasa biyu, ya daɗe bai saki ba, sannan ya sa aka saka mana doya uku a bayan mota.