Wushirya, Haƙorin Makka da Yaron da Muka Sa Wa Suna Eriya

Mu da muka tashi a Dangora da ƙauyukan da ke kewaye da ita a shekarun 1990, ba mu san haƙori yana da likitansa ba. Mun san mai ɗori, mun san wanzami, mun san malamin asibiti mai allura. Haƙori kuwa, yadda Allah Ya fito maka da shi haka za ka zauna da abinka. In ya yi ciwo a sa kanumfari ko a kurkure da ruwan gishiri, in ya ƙi a cire shi, magana ta ƙare.

Abin da muka fi sani game da haƙori shi ne famfara. Yaro ya kai shekara shida ko bakwai, na gaba ya fara girgiɗi, ya yi ta turinsa da harshe har ya faɗo, ko wata gwaggo mai ƙarfin hali ta ɗaure shi da zare ta fizge. A gidajenmu ana gargaɗinmu kada mu bari ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani haƙorin ba zai sake fitowa ba. Sai ka ga yaro yana wuce jikin katanga hannu a baki. Sabon haƙorin in ya fito a jere, to madalla. In ya fito a karkace, ko ya hau kan ɗan'uwansa, ko na sama suka yo waje har leɓe ya kasa rufe su, shi ke nan yaro ya samu sunan da zai bi shi har girma.

Akwai wata yarinya a ajinmu na firamare da haƙoranta na sama suka fito zaƙo-zaƙo. Ba za mu maimaita sunan da muka laƙaba mata ba. Ta daina ɗaga hannu a aji, in za ta yi dariya sai ta ja gyale ta rufe baki. A lokacin muna ganin wasa ne.

Wayar haƙori kuwa sai da muka shiga makarantar kwana muka fara ganinta. Wani yaro aka kawo daga Kaduna, ɗan ma'aikaci, da ya buɗe baki sai ga ƙananan ƙarafa manne a kowane haƙori, siririyar waya ta ratsa su. Wasu suka ce hatsarin mota ya yi aka ɗaure masa muƙamuƙi. Wasu suka ce da bakinsa za a iya kamo Sashen Hausa na BBC, kuma daga nan sunan Eriya ya zauna. Wahalarsa ba ƙarama ba ce. Ba ya shan rake, ba ya cin ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara sai dai ya kalla. In ya dawo daga wurin likita an ƙara ɗaure wayar, kwana uku koko kaɗai yake iya sha. Wata rana ƙarshen wayar ya ɓalle yana sukar kumatunsa, likita na can nesa, sai ya narkar da kyandir ya shafe wurin ya jira hutu. Miyar kuka ma ba ta bar shi ba, bayan kowane tuwo yana bakin famfo da burushi, mu kuma muna tsaye muna dariya.

Ba mu san cewa abin da ke bakinsa ya girmi kakannin kakanninmu ba. A 1728 wani likitan haƙori ɗan Faransa, Pierre Fauchard, ya wallafa littafin da ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da takalmin doki, ana ɗaure haƙora a jikinsa da zare don su miƙe. Wanda ya mayar da aikin fanni mai zaman kansa shi ne Edward Angle na Amurka. A 1899 ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku, kuma har yau da wannan rabon likitoci ke aiki. A 1900 ya buɗe makarantar koyar da gyaran jerin haƙora a St. Louis, a 1928 kuma ya fito da ƙaramin ƙarfe mai tsaga wanda waya ke shiga cikinsa, kakan irin wanda muka gani a bakin Eriya.

Yaran Amurka da Ingila na shekarun 1950 da 1960 sun fi shi shan wuya. A lokacin ba a iya manna ƙarfe a fuskar haƙori ba, sai a zagaye kowane haƙori da zoben ƙarfe, baki ya cika fal. Wasu ma har da linzami, wato wata waya da ke fitowa daga baki ta zagayo kumatu a ɗaure ta da maɗauri a ƙeya, yaro ya kwana da ita, wani lokaci ya je makaranta da ita. Sauƙi ya fara samuwa ne daga binciken Michael Buonocore na 1955, wanda ya nuna in an ɗan goga asid a fuskar haƙori, gam zai kama ta. Sai a shekarun 1970 manna ƙarfen ya zama ruwan dare. A daidai wannan lokacin aka shigo da waya ta haɗin nikel da titaniyam, wadda aka fara ganowa a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. Halinta shi ne ko an lanƙwasa ta, a hankali take komawa siffarta ta asali, tana jan haƙoran tare da ita.

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka girma shi ne yadda haƙori ke tafiya. Ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, akwai wata siririyar jijiya da ke riƙe da saiwarsa. In an matsa masa a hankali ba tare da sassautawa ba, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yana narkewa, sabo kuma yana tsirowa a inda ya bari. Tafiyar ba ta wuce kamar milimita ɗaya a wata, shi ya sa aikin ke cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma sai an riƙa komawa wurin likita kusan kowane wata. A nan ne lissafin ya fi ƙarfin ɗan Dangora. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Najeriya a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, kuma waɗanda suka biyo ta a shekarun 1970 duk a Kudu suke. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma sai 1988 aka kafa shi. Manomin Kiru ko Bebeji da zai tsaya a Kwanar Dangora sau ashirin yana jiran motar birni, ba don yaro na kwance ba, sai don haƙorinsa ya karkace, mutane ma ca za su yi ya taɓu. Wanda ke Doguwa, bayan dajin Falgore, ba a ma maganarsa.

Kada a ɗauka ba mu damu da kyan haƙori ba. Namu ma'aunin ne daban. Kakanninmu mata suna goga furen taba da goro har haƙora su yi ja, kuma ado ne. Asuwaki na darbejiya ko na marke ba ya rabuwa da bakin dattijo da safe. Ga kuma haƙorin Makka, wanda ya yawaita da bunƙasar aikin hajji ta jirgin sama a zamanin kuɗin fetur, lokacin da alhazan Najeriya suka haura 100,000 a 1977. Hajiya ta dawo, ta yi murmushi, zinari ya haska, ba sai ta faɗi inda ta je ba. Ashe mu ma muna sa ƙarfe a baki, sai dai namu shaida ce ta tafiya, na Eriya kuwa magani ne.

Sai wushirya. A littafin likitan Turai, tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba biyu aibi ce da ake rufewa da waya. A wurinmu kuwa da ita ake yabon budurwa, har akan samu masu zuwa a fiƙe musu haƙori don su same ta, abin da malamai suka daɗe suna hanawa. A ganinmu nan ne ya kamata a yi hattara. Gyara cizon da ke hana yaro tauna ko rufe baki abu ne daban, rufe wushirya don ta yi kama da murmushin 'yan fim ɗin Amurka kuma wani abu ne daban.

Yau aikin ya shigo fagenmu na masu rubuta manhaja. Kamfanin da ke yin Invisalign, wanda aka kafa a 1997, ya ɗora sana'arsa ne a kan kwamfuta: a ɗauki hoton baki mai fuska uku, manhaja ta lissafa matakin da kowane haƙori zai bi, a ƙera jerin robobi garai-garai da mutum zai riƙa sauyawa. Abin na burge mu. Amma manhajar tana tura haƙora ne zuwa siffar da aka nuna mata a matsayin daidai, kuma ba a Dangora aka zana wannan siffar ba.

Wani abin kuma ya juya. Wayar da muka yi wa dariya ta zama kwalliya. A TikTok za ka ga 'yan mata da robobi kala-kala a haƙori, wasu ba likita ne ya sa musu ba, a shago aka manna. Waya ba ta san wasa ba, ko ta ado ce tana jan haƙori, kuma in ba mai lura za ta iya girgiɗa lafiyayye ko ta ruɓar da shi a ƙarƙashin gam. Wannan kuma a yankin da har yanzu cutar noma, mai cinye leɓe da kumatun yaran da yunwa ta raunana, ke da asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, wadda sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Bara da sallah mun haɗu da waccan 'yar ajin namu a wani gidan biki. Tana da 'ya'ya biyar, kuma babbar ta ɗauko bakinta sak. Bayan gaisuwa ta ja ɗayanmu gefe ta ce, “Malam, ku da kuke birni, wai da gaske ana gyara irin wannan? Nawa ake kashewa?” Muka ce ana gyarawa, za mu tambayo mata. Yarinyar tana tsaye a bayanta, gefen hijabi a kan baki.