Rumbu da Biki: Tarihin Tanadin Hatsi a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, tun daga Zariya a kudu har zuwa Tawa da Damagaram a arewa, ruwan sama yana sauka ne cikin watanni uku zuwa biyar kacal, kuma abin da gona ta bayar a wannan ɗan tsakani shi zai riƙe gida har shekara ta zagayo, ko ma fiye da haka idan damina mai zuwa ta yi gardama. Wannan yanayi ya sa kowane maigida a tsakanin haɗari biyu. Idan ya saki hannu da kaka, iyalinsa za su shiga aikin damina da yunwa. Idan kuma ya matse fiye da kima saboda tsoron farin da bai zo ba tukuna, 'ya'yansa za su gaji da zaman gandu su watse, matansa su yi yaji, dangi da maƙwabta su janye jikinsu daga gare shi. Tarihin rumbu, in an duba shi da kyau, tarihi ne na yadda manoma suka yi wa tsoron yunwa iyaka, suka ware masa wuri da lokaci, domin kada ya cinye sauran rayuwa.

Rumbu iri biyu aka fi sani. Akwai na kara ko na zana, wanda ake ɗorawa a kan itatuwa ko duwatsu a rufa masa jinka, kuma a cikinsa ake jera damman gero da dawa ba tare da an sussuke ba. Akwai kuma na ƙasa, wanda a wurare da dama ake kira rufewa, ana gina shi da laka da ciyawa, da faɗin ciki da ƙaramin baki a sama, ana zuba masa tsabar hatsi ko wake. Ɗaga rumbu daga ƙasa kariya ce daga gara da danshi, kamar yadda cuɗa wake da toka ko yashi kariya ce daga ƙwari. Manoma sun daɗe da sanin cewa geron da aka bari a zangarniyarsa ya fi wanda aka sussuke jure ajiya, har yakan kai shekaru a busasshiyar ƙasa irin ta arewa, kuma malamai sukan haɗa wannan sani da labarin Annabi Yusuf, wanda ya ba mutanen Masar shawarar barin hatsin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa domin shekaru bakwai na tsanani.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne dokar buɗe shi da rufe shi. A tsarin gandu, wato gonar gida wadda uba da 'ya'yansa maza ko wa da ƙannensa suke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, hatsin da aka samu ba na ci nan take ba ne gaba ɗaya. Bayan girbi maigida yakan fitar da zakka, ya ware iri, ya ba mata rabon da zai riƙe su wani ɓangare na rani, sa'an nan ya liƙe babban rumbu, kuma ba za a sake taɓa shi ba sai an yi shuka, lokacin da majiya ƙarfi suke buƙatar fura da tuwo don noman fari da maimai. A tsakanin nan gida yana rayuwa da abin da aka samu a gayauna, wadda mutanen Maraɗi suke kira gamana, wato 'yar gonar da ake ba mace ko saurayi ya noma wa kansa bayan ya tashi daga aikin gandu da azahar, ko a ranakun da aka bar masa. Samari kuwa sukan tafi cin rani, su nemi aikin dako ko gini ko ƙaramin fatauci a birane, abin da ke rage bakunan da ke cin hatsin gida, ya kuma kawo kuɗin tufafi da na aure. Hikimar wannan tsari ita ce an yanke shawarar tanadi sau ɗaya a shekara, an shafe ta da laka. Maigidan da ya liƙe rumbunsa ba ya kwana yana lissafin mudu kowane dare, matarsa kuma ba ta buƙatar neman izini kafin ta dama fura daga hatsin gayaunarta, ko ta sayar da shi ta sayi zane.

Da yake an ware na ajiya, abin da ya rage ana cinsa ba tare da jin laifi ba, shi ya sa kaka ta zama lokacin shagali a duk faɗin ƙasar. A lokacin ne ake ɗaura mafi yawan aure a karkara, mahauta suke yawon dambe gari gari, ake kokawa a dandali da farin wata, samari da 'yan mata kuma suke yin kalankuwa, wato wasan da matasa suke naɗa sarakunansu da alƙalansu suna kwaikwayon masu mulki. Jami'an mulkin mallaka da yawa sun kalli wannan kashe-kashen dukiya a matsayin almubazzaranci da rashin hangen nesa, amma wannan hukunci ya jahilci yadda biki yake aiki. Gudummawar da mace take kai wa ƙawarta ranar suna ko aure bashi ne da kowa ya san adadinsa, kuma za a mayar mata da shi, sau da yawa da ƙari, ranar da nata ya taso. Damin da aka ba suruki ko malami ko makaɗi yana gina alaƙar da za a iya jingina da ita a watan Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Zakka ma, wadda ga amfanin gonar da ruwan sama ya shayar take ɗaya cikin goma idan ya kai nisabi, hanya ce ta mayar da wani kaso na yalwar kaka zuwa gidajen da ba su samu ba.

Misali mafi ƙarfi shi ne bikin dubu, wanda masanin zamantakewa Guy Nicolas ya yi nazarinsa a ƙasar Maraɗi. Manomin da ya kai ga girbe dami dubu ba ya samun girma ta hanyar ɓoye su. Sai ya tara jama'a da makaɗa, ya rarraba hatsi da dukiya a bainar jama'a, sa'an nan a san shi da sarautar sarkin noma. Wanda ya duba da idon ɗan kasuwa zai ce mutumin ya talauta kansa a yini ɗaya, amma al'umma ta mayar da rarar da za ta iya ruɓewa ko ta jawo hassada zuwa suna da mutane, kuma waɗannan ba sa jin tsoron gara.

Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da yadda yake ba. Liƙe rumbu gata ne na wanda ya noma abin da ya ishe shi, kuma binciken da Polly Hill ta yi a Ɓatagarawa kusa da Katsina, wanda ta wallafa a 1972, ya nuna cewa talakawan manoma sukan sayar da hatsinsu da araha da kaka saboda bashi da haraji, su dawo su saye shi da tsada da damina, har su bar gonarsu su tafi ƙwadago a gonar mai hali don samun abin kai wa baki. Ga irin waɗannan gidaje tanadi ya fi zama a cikin ƙwaƙwalwar mata da tsofaffi, waɗanda suka san ganyen tafasa da yaɗiya da rama, suka san cewa 'ya'yan anza sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita, suka kuma san yadda ake sussukar ƙarangiya ko tona gidan tururuwa idan abin ya kai maƙura. A zamanin Daular Usmaniyya kuwa, manyan rumbunan sarakuna da attajirai, waɗanda akan buɗe a shekarar yunwa, gumin bayin rinji ne ya cika da yawa daga cikinsu.

Zuwan Turawa ya sauya lissafin gaba ɗaya. Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sannu a hankali haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma ana karɓarsa ne jim kaɗan bayan girbi, lokacin da hatsi ya fi araha, saboda haka manomi yana buƙatar sayar da dami masu yawa kafin ya biya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman kewayen birnin suka ba ta fili mai yawa a gonakinsu. Da ruwa ya ƙi sauka a 1913, yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba ta tarar da rumbuna da yawa ba su da rarar shekarun baya, mutane suka mutu da yawan gaske a 1914, jama'ar arewa suka kwararo kudu suna neman abinci. Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya kafa hujjar cewa fari ba sabon abu ba ne a ƙasar, abin da ya sauya shi ne ƙarfin gidaje na jure masa, domin haraji da kasuwa sun raunana hanyoyin ajiya da na taimakon juna.

A ɓangaren Faransa ne aka ga abin da ke faruwa idan hukuma ta mayar da tanadi umarni. Tun 1910 gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa ta kafa dokar ƙungiyoyin tanadi na 'yan ƙasa, waɗanda ake karɓar kuɗin shigarsu tare da haraji, da sunan ajiye iri da ba manoma rance. Sai yunwar 1931 ta auka wa yammacin Nijar bayan shekarun fara da ƙarancin ruwa, ta kashe dubban mutane a yankunan Yamai da Doso da Filinge, alhali jami'ai suna ci gaba da karɓar haraji, abin da masana tarihi irin su Finn Fuglestad da Boureima Alpha Gado suka yi bayaninsa dalla-dalla. Maganin da hukuma ta ɗauka shi ne tilasta rumbunan ajiya a ko'ina cikin ƙasar, har da yankunan Hausa na Maraɗi da Tawa da Damagaram. Kowane mai biyan haraji sai ya kawo wani adadi na gero da aka ƙayyade masa, a zuba a rumbunan da aka jera wuri ɗaya ƙarƙashin kulawar hakimi ko mai gari, kuma ba a buɗe su sai da izinin kwamandan yanki.

A takarda wannan tsari ya yi kama da abin da manoma suke yi tun kaka da kakanni, amma a aikace ya juya shi ne. Adadin da za a ajiye ba ya duban ko shekarar ta yi kyau ko ta ɓaci, ba ya kuma duban yawan bakunan gida. Wanda gonarsa ba ta yi ba sai ya sayi gero ko ya ranto don ya cika rabonsa. Mai hatsi ba shi da ikon buɗewa ranar da ɗansa ya kwanta ciwo ko ranar da zai aurar da 'yarsa, kuma izinin kwamanda yakan zo a makare. Hatsin da ba mai shi ke duba shi ba yakan lalace, wani kuma ya salwanta a hannun masu tsaronsa, sa'an nan a buƙaci talaka ya sake cikawa. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hukuma ta ƙara matsa wa jama'a da karɓar kayan abinci da aikin tilas, rumbun ajiya ya zama wani nau'in haraji a idon manoma, har wasu mazauna bakin iyaka suka gwammace su ƙaura zuwa Nijeriya. Abin da aka kafa don kawar da tsoron yunwa ya ƙara wa mutane wani tsoro na dindindin, ya kuma cinye rarar da a da ake kashewa a biki, wadda ita ce ke riƙe da zumunci. Ba abin mamaki ba ne cewa da aka soke aikin tilas a 1946, aka kuma kafa jam'iyyar PPN a shekarar, koke a kan waɗannan rumbuna ya shiga cikin abubuwan da 'yan siyasa suka nemi goyon bayan talakawa da su.

Bayan samun 'yancin kai Nijar ta kafa hukumar OPVN a 1970 don saye da ajiye kayan abinci, amma babban farin da ya kai tsananinsa a 1973 ya fi ƙarfinta, kuma zargin karkatar da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Sabuwar gwamnatin ta sa ajiyar hatsi a gaban komai, sai dai a 1975 ita ce kuma ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, wato wasan kaka na ƙauye ya zama bikin ƙasa tun raunin fari bai gama warkewa ba. A shekarun da suka biyo baya, musamman bayan farin 1984, ƙungiyoyin agaji suka yaɗa bankunan hatsi a ƙauyuka, inda ake sayen gero da kaka a ajiye a ɗakin siminti, a sayar wa mutanen gari da rangwame ko a ba su rance da damina. Wannan ya dawo da mabuɗi cikin gari, amma ya ɗora nauyin a kan kwamitin mutane kaɗan da ke aiki ba albashi, waɗanda aka sa su bin bashi a wurin surukansu da maƙwabtansu shekara bayan shekara. Bankuna da yawa sun durƙushe cikin 'yan shekaru saboda rancen da ba a biya ba da gajiyar masu kula da su, kuma waɗanda suka daɗe galibi su ne waɗanda suka taƙaita aikinsu ga watannin ƙarancin abinci, suka sayar hannu da hannu maimakon bashi, ko aka danƙa riƙonsu ga ƙungiyoyin mata da suka riga suka saba da lissafin adashi da na gudummawar biki.