Wa Ya Ga Faɗuwar? Matsayin Shaida a Manhajojin Farfaɗiya

Da wuya likitan farfaɗiya ya ga ciwon da idonsa. Faɗuwar kan zo a tsakar gida, ko a kasuwa, ko cikin dare, shi kuwa mai ciwon sau da yawa ba ya tuna abin da ya same shi. Abin da ke isa asibiti labari ne daga bakin uwa ko mata ko maƙwabci. Don haka nake ganin duk manhajar da aka tsara domin tattara bayanan farfaɗiya, aka kuma bar wannan shaida a baya, to an yi tuya an manta da albasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke da ciwon, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya daina faɗuwa in an gane ciwon an ba da maganin da ya dace. Sai dai ganewar ta rataya ne ga yadda abin ya fara. Rabe-raben da ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta fitar a 2017 sun bambanta faɗuwar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa da wadda ke kama ɓangarorin biyu tun farko. Bambancin ba na takarda ba ne: maganin carbamazepine na taimakon ta farko, amma yana iya tsananta irin wadda yaro ke ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi. Uwar da ke ƙauye ba ta san waɗannan sunaye ba, amma ta san ko hannu ɗaya ne ya fara karkarwa, ko kan yaron ya juya gefe, ko ta kira shi bai amsa ba. Waɗannan ya kamata manhaja ta tambaya, da murya da hoto, cikin harshenta, ko da babu intanet.

Wajen nuna bayanan kuma, ado ba shi da amfani ga likitan da layi ke jiransa. Zane ɗaya ya isa: ranakun faɗuwa a jere, a ƙarƙashinsu ranakun da magani ya yanke, da daren da ba a yi barci ba. Akwai tarko a nan. Ranar da ba a shigar da komai ba, lafiya aka yini, ko wayar ce ba caji? Zanen da ya ba ranakun biyu launi ɗaya zai sa likita ya zaci sauƙi ya samu.

Sai batun sirri. A gidajen da waya ɗaya ke zagaya hannaye, inda har yanzu ake danganta farfaɗiya da iska, ake fasa aure saboda ita, saƙon tunin shan magani da ya bayyana a fuskar waya tonon asiri ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba ta zaɓa wa manhaja kalmomin saƙonta. Wannan aikin mai tsarawa ne, kuma ba zai iya shi ba sai ya zauna da masu jinya tun kafin ya taɓa kwamfuta.