Daga Juyin Littafi Zuwa Juyin Bidiyo

A garin Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu cikin 1837, kuma a can kabarinsa yake. Littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala cikin 1812, ya iso hannun mutanen yau ne domin malamai sun yi ta juyarsa daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa kafin gara da danshi su cinye ta. Haka al'amarin hoto mai motsi yake, sai dai mazubinsa ya fi takarda gajeren kwana.

Da fari a kan faifan majigi ake ɗaukar hoto. Sa'an nan kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin U-matic cikin 1971, JVC kuma ya kawo VHS cikin 1976. Kaset ɗin bidiyo ne ya ba 'yan wasan Tumbin Giwa na Kano damar fitar da Turmin Danya cikin 1990. Daga baya faifan CD da DVD suka ture kaset, su ma wayar hannu ta ture su. Cikin 2016 kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar kallon VHS, watau kaset ya zama ɗaki kulle ba mabuɗi.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya isa misali. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai cikin 2016 aka gano fayafayensa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya. Aka gyara su, aka juye su cikin kwamfuta, har aka nuna shi a Berlin cikin 2018.

Aikin da a da sai gwamnati, yanzu ɗalibi ko ma'aikaci a Rabah ko Goronyo na iya yin irinsa. Manhajar HandBrake, wadda ta fito cikin 2003, kyauta ce, tana juya bidiyo zuwa tsarin MP4 da kowace waya ke karantawa. Amma akwai sharaɗi. Wajen rage nauyin bidiyo, manhajar kan zubar da wani sashe na hoton, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Saboda haka wajibi ne a adana asali, a riƙa juyi daga gare shi, kada a yi juyin juyi. Malaman Wurno sun san wannan ƙa'ida, domin ba su yarda da sabon juyi sai an gwada shi da uwar littafi.