Jadawalin launuka

jadawalin launuka (suna, namiji, jam'i: jadawalolin launuka). Ƙaramar ma'adana ce cikin na'urar da ke sarrafa allon kwamfuta, inda kowace lamba take da launin da aka ɗora mata. A wannan tsari, hoto ba ya ɗauke da launi, lamba kawai yake riƙewa ga kowane ɗigo. Na'urar ce ke duba jadawalin ta ga launin da lambar take nufi, kamar tela mai neman zare da lambarsa.

Shahararren misali shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1987. Jadawalinsa gurbi 256 ne, kowane gurbi na haɗa ja da kore da shuɗi, ƙarfin kowannensu daga 0 zuwa 63. Launuka 262,144 ke nan, amma 256 kaɗai ke fita a allo lokaci guda. Mai rubuta manhaja yakan tura lambar gurbi ta ƙofar na'urar mai lamba 3C8, sannan ya zuba ja, kore, shuɗi a jere ta 3C9. Da na ukun ya shiga, na'urar ta matsa gurbi na gaba da kanta. Masu wayo sukan jira ɗan hutun da allo ke yi tsakanin hoto da hoto kafin su rubuta, don kada hoton ya yi dishi-dishi.

Daɗin abin, canza jadawali ya fi sake zana hoto sauƙi nesa ba kusa ba. Wasan Doom na 1993 da shi yake rina allo ja idan ɗan wasa ya ji rauni.

Hotunan GIF har yau da irin wannan jadawali suke aiki.