Tafkin Gari a Baure: Gadon da Yake Neman Mai Yasa

A ƙasar Daura, inda labarin sarauta kansa ya faro daga bakin rijiyar Kusugu, ba a wasa da ruwa. Baure, da ke gabas a kan iyakar Nijar, damina ta 'yan watanni take samu, sauran shekara rani ne. Abin da magabata suka tsare kansu da shi shi ne tafki da kududdufi. Kududdufi ramin da aka ɗebi ƙasar tubali da yaɓe ne, damina ta cika shi. Nan dabbobin gari da shanun Fulani masu bin burtali suke samun mashaya. Idan kuma gobarar hunturu ta kama jinka ko dangar kara, can ake rugawa da tulu da ƙwarya kafin wuta ta kai ga rumbu.

Farin 1972 zuwa 1974 ya karkata hankalin hukuma ga manyan ayyuka. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, daga baya aka samu madatsu irin su Zobe a Dutsin-ma da Sabke a ƙasar Daura. Suna da amfaninsu, amma saniyar garin Babban Mutum ba za ta sha a Zobe ba, wuta kuma ba ta jiran motar kashe gobara. Ƙaramar madatsar ƙasa a kwarin ƙauye ita ce magajiyar tafki, ita ta fi dacewa da makiyayi da mai rumbu.

Masu suka suna cewa ruwan kwance gidan sauro ne da tsargiya da kurkunu, ga shi yana ƙafewa kafin bazara, don haka gara rijiyar burtsatse. Cutar gaskiya ce. Sai dai lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, tace ruwa da sama wa mutane ruwan sha mai tsabta ne suka yi aikin, ba cike tafkuna ba. Burtsatse ta ishi gida, amma ranar da injinta ya tsaya garke ba shi da mafita. Saurin ƙafewa kuwa yawanci daga yashi da laka ne da suka cinye zurfin. Da can mai unguwa kan kira gayya a yashe tafki da rani. Da bulon siminti ya fara ture tubali, aka rage haƙa, aka mai da wasu ramukan juji. Duk ƙauyen da aka gina wa madatsa, to a damƙa masa alhakin yasarta tun ranar buɗewa.