Zaman Kishiyoyi a Faifan Kwamfuta

A shekarar 1983, kamfanin IBM ya fito da PC DOS 2.0, inda aka keɓe sashen farko na faifai, mai bayit 512 kacal, domin jadawalin da ke raba shi gida huɗu. Wannan ne ya ba manyan manhajoji damar zama cikin kwamfuta guda. Bayan bayyanar Linux a 1991, mutane suka riƙa ajiye ta tare da Windows, suna zaɓar wadda za ta tashi ta hanyar LILO, daga bisani GRUB. Sai dai zaman bai rasa kishi ba: idan aka girka Windows daga baya, takan mamaye sashen farkon, Linux ta ƙi tashi alhali tana nan. Zuwan tsarin UEFI, wanda ya ba kowacce wurin ajiye mabuɗinta, ya rage wannan rikici.